Hujin Kunne da 'Yan Kunne a Birnin Kano

Tun zamanin da, 'ya mace a Kano ba ta daɗewa a duniya sai an huda mata kunne. Galibi ungozoma ke yi, ko wata tsohuwa mai sauƙin hannu, da allura da zare. Akan bar zaren a ciki, ana shafa man shanu har hujin ya warke, sa'an nan a sa tsinke don kada ya toshe. Hujin kansa aikin minti ɗaya ne. Abin da za a rataya a ciki shi ne babbar magana, gama 'yan kunnen mace ado ne, kuma ajiya ce.

Maƙeran Kano iri biyu ne: maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Su na biyun ke ƙera 'yan kunne da zobba da warwaro, ana kai su Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa. Azurfar kuwa yawancinta baƙuwa ce. A da Larabawa ke ƙetaro Sahara da liyari, watau dalar ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780. Sa'ad da Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano cikin 1851, ana canjin liyari ɗaya wuri 2,500. Maƙeri ya narka shi ya yi 'yan kunne, ko a huda shi a rataya a wuya yadda yake. Ran da yunwa ta zo, abin da ke kunnen uwar gida shi ke komawa hatsi.

To, ran 3 ga Fabrairu 1903 mayaƙan Ingila, Kanar Morland na jagora, suka shiga birni ta Ƙofar Kabuga, wadda ke yamma, kan hanyar Gwarzo. Shigar nan ta sake sarauta, ta kuma sake kuɗi. Wuri ya mutu, sule ya maye gurbinsa. Sulen farko na azurfa ne, sabo da haka maƙera suka yi ta narka shi. Cikin 1920 aka koma buga shi da gamin tagulla, wannan ƙofa ta rufe musu. Jirgin ƙasa kuwa ya iso Kano tun 1911, yana kwasar gyaɗa, yana kawo 'yan kunnen kanti masu ƙyalli da araha. Daga baya zinariya ta Makka da Dubai ta zama ita ce kan gaba cikin kayan lefe.

Ga abin da mai zaɓe zai lura da shi. Ƙarfen araha yakan ƙunshi wani gami da ake kira nikel, mai sa kunne ƙaiƙayi da ruwa. Zinariya mai kyau ba ta cika yin haka ba, ita ta fi dacewa da sabon huji, ƙarama marar nauyi, don mai nauyi takan yaga kunnen yarinya. Allura kuma lalle ta zama sabuwa, domin ciwon hanta da sandarau suna bin allura marar tsabta.

Mutanen da sun ce araha ba ta ado. Wanda ya saya wa 'yarsa 'yan kunne na ƙwarai, ya yi mata ado yau, ya kuma bar mata abin rufin asiri gobe.