Hanyoyin Kare Kai Idan An Tuhumi Mutum da Laifin Sata

Gabatarwa

Ƙarar sata tana cikin ƙararrakin da suka fi yawa a kotunan karkara, musamman kan dabbobi, amfanin gona da babura. Muna so jama'a su fahimci cewa zargi daban, tabbatar da laifi daban. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa.

Abin da doka ta kira sata

Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta bayyana sata a sashe na 286, sashe na 287 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tara, ko duka biyun. Wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sabunta tasu dokar, don haka lambobin sassan sukan bambanta. Wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar da cewa kayan suna hannun wani, wanda ake tuhuma ya ɗauke su ba da yardar mai su ba, kuma da niyyar cuta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, tuhumar ta faɗi.

Haƙƙin wanda aka kama

Wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya. Dole a kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, ko kwana 2 idan ta fi haka nisa. Beli a caji ofis kyauta ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama uba, mata ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Muna gargaɗin jama'a kada su dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta masu ba cikin harshen da suke ji. Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar duka ko azabtarwa, amma sai an sanar da alƙali tun lokacin da aka gabatar da takardar.

Hujjojin kare kai

Na farko, iƙirarin mallaka: wanda ya kama akuya bisa gaskiyar zaton tasa ce ba shi da niyyar cuta. Na biyu, izinin mai kaya, kamar aro ko ajiya. Na uku, rashin kasancewa a wurin: wanda yake biki ko kasuwa a wani gari ya faɗa wa 'yan sanda tun ranar farko, da sunan garin da mutanen da suka gan shi, domin a bincika. Na huɗu, saye bisa gaskiya. Doka ta ba kotu damar zaton cewa wanda aka samu da kaya jim kaɗan bayan sace su ɓarawo ne ko mai karɓar kayan sata, sai in ya yi gamsasshen bayani. Saboda haka muke shawartar mai sayen dabba ya karɓi rasit, ya kuma san dillalin da aka yi cinikin a gabansa.

A Kotun Shari'a

A jihohin da suka kafa dokokin laifuka na Shari'a tun daga 2000, ba a yanke haddi sai kayan sun kai nisabi, an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, kuma akwai shaidu biyu adalai ko iƙirari. Mai iƙirari yana iya janye shi, shubuha kuma tana kawar da haddi.

Inda za a nemi taimako

Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana ba marasa hali lauya kyauta. Tafinta ma kyauta ne a kotu, wanda bai gamsu da hukunci ba kuma yana iya ɗaukaka ƙara, amma ya hanzarta domin akwai wa'adi. Muna kira ga hakimai, dagatai da masu unguwanni su hana jama'a ɗaukar doka a hannu, su miƙa wanda ake zargi ga hukuma, su kuma faɗi gaskiyar abin da suka sani idan an kira su shaida.