Tsofaffin Gidajen Kewayen Masallacin Juma'a na Zariya da Matsalar Adana Su

Gabatarwa

Duk mutumin Nasarawan Doya, ko Maƙarfi, ko Ikara, ko Kudan da ya taɓa zuwa hawan Sallah a birnin Zazzau, ya san filin nan na ƙofar fada inda gidan Sarki da Masallacin Juma'a suke maƙwabtaka. Daga wannan fili ne hanyoyi suka rarrabu zuwa tsofaffin unguwanni irin su Kwarbai da Ƙaura da Unguwar Juma, inda gidajen sarauta da na malamai da na attajirai suke jere. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin waɗannan gine-gine, da yadda aka yi su, da abin da yake cinye su, sannan da abin da ya kamata a yi domin kada su ƙare.

Babban Gwani da Aikinsa

Bayan da Malam Musa ya karɓo tutar jihadi ya kafa mulki a Zazzau, sai birnin ya shiga wani sabon zamani na gine-gine. A zamanin sarki na uku, wato Malam Abdulkarim (1834 zuwa 1846), aka gina Masallacin Juma'a. Wanda ya jagoranci aikin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Ya tayar da ginshiƙai masu kauri, ya ɗaura musu bakan gizo, ya rufe su da tulluwa, kuma ya haɗa da ɗakin shari'a a jikin masallacin. Unguwar da zuriyarsa suka zauna a cikin birni ita ake kira Babban Gwani.

Sunansa bai tsaya a Zazzau ba. Shi ake danganta wa gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauci, wanda aka gina wajejen 1860, aka kuma sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Akwai ruwayar baka da ke cewa bayan ya gama masallacin Birnin Gwari sai aka kashe shi domin kada ya gina wa wani sarki irinsa. Ko ba komai, ruwayar tana nuna irin darajar da magini yake da ita a wancan lokaci.

Yadda Ake Gina Gidan

Gidan Bahaushe na cikin birni yana farawa ne da zaure, inda maigida yake karɓar baƙi ko ya karantar da almajirai. Daga nan sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida da turaka. Ana yin bango da tubali, a yi masa gindi mai faɗi yana sirancewa zuwa sama. Rufin kuwa na azara ne, wadda ake tsagowa daga giginya, domin gara ba ta cika cin ta ba. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta yi yawa, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake jera azara hawa-hawa daga bango, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har a sami soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

Babban abokin gabar irin wannan gini shi ne ruwa, ga shi kuwa ƙasar Zazzau tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara. Saboda haka ake shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi da zankwaye kuma a shafe su da laso, wato haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Indararo shi ke fitar da ruwa nesa da gindin bango. Abin lura a nan shi ne, ginin ya dogara ne da sana'o'i da yawa. Idan marina ta mutu, babu katsi. Idan majema ta tashi, babu gashi. Idan aka sare giginya ba a dasa wata ba, babu azara.

Abin da Yake Cinye Su

Na farko shi ne barin yaɓe. A da, maigida yakan kira magina kafin faɗuwar damina su duba rufi, su toshe tsaga, su share indararo. Da wannan al'ada ta ja baya, sai tsagar da kwando ɗaya na ƙasa zai toshe ta zama sanadin faɗuwar soro.

Na biyu shi ne rabon gado. Gidan da mutum ɗaya yake riƙe da shi yakan koma hannun magada ashirin, wasu suna Kaduna, wasu suna Kano. Kowa ya gyara sashensa da bulo, zaure kuwa, da yake na kowa ne, sai ya zama ba na kowa ba.

Na uku shi ne gyaran da ba a yi shi da sani ba. Mutane da yawa sukan shafe bangon ƙasa da siminti da nufin kare shi. Amma siminti ba ya kama ƙasa sosai, kuma yana hana danshi fita. Ruwa yakan shiga ta bayansa, ƙasar ta jiƙe, bakin azara ya ruɓe, alhali daga waje ana ganin bango lafiya lau. Haka nan cike kududdufai da aka yi domin gina gidaje ya sa ruwa yana kwanciya a gindin katangu.

Shi kansa masallacin bai tsira ba. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini na kankare, aka bar wani sashe na tsohon a ciki. Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani ɓangarensa ya rufta, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmad Nuhu Bamalli, ya bayyana cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin aukuwar abin. Wannan ya nuna cewa maganar adana tsohon gini maganar rayukan mutane ce, ba ta tarihi kaɗai ba.

Ƙoƙarin da Aka Yi

Dokar kayan tarihi ta 1953, da kuma doka mai lamba 77 ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, sun ba gwamnati ikon kare irin waɗannan wurare. Masana irin su Zbigniew Dmochowski da J. C. Moughtin da Friedrich Schwerdtfeger da Hamman Tukur Sa'ad sun auna gine-ginen ƙasar Hausa, sun zana su, sun yi rubutu a kansu. A gidan tarihi na Jos an gina kwatankwacin masallacin Zariya da ƙasa. A Kano an mayar da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa wuraren tarihi, abin da ya sa aka ci gaba da kula da su. A Djenne ta ƙasar Mali, jama'ar gari ne suke fitowa kowace shekara su yaɓe masallacinsu. A Nijar kuma, tsohon birnin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013, unguwanninsa da gidajensa gaba ɗaya, ba hasumiyar masallaci kaɗai ba.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan tarihi bai tsaya a birni ba. A garuruwan arewacin Zazzau ma akwai zaurukan hakimai da na dagatai da tsofaffin masallatai da aka gina da wannan fasaha. Abin da ya kamata shi ne a fara ƙidaya su, a ɗauki hotunansu, a rubuta tarihin kowane gida daga bakin dattawansa. A nemo sauran magina na gado a haɗa su da sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, domin matasa su koya. A ware musu ɗan abin da za a riƙa yin yaɓe da shi kowace shekara kafin damina, magada kuma su amince a bar zaure a matsayin na dangi duka. A kuma dasa giginya tun yanzu, domin azarar da jikoki za su yi rufi da ita, kakanni ne suke shuka ta.