Iya Ruwa Fid da Kai: Gora da Sarkin Ruwa a Ƙasar Kabi

Tun daga wajajen 1820, lokacin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega a gaɓar Gulbin Zamfara, ruwa ne ke yanke wa kasuwar garin hukunci. Da rani fatake su bi mashigi da jakunansu. Idan gulbi ya kawo da damina kuwa, babu mai haye shi sai ta hannun masu fito.

A ƙasar Kabi, shiga ruwa yana da shugaba. Sarkin Ruwa ne ya san gurbi mai zurfi, da inda ruwa ke juyi, da makwancin kada. Shi ke ba da izinin su, shi ke hana shi. Jama'a sun ɗauki ikon nan a matsayin asiri, amma ƙashin bayansa sani ne da aka gada, wanda Sarkawa suka tara shekara da shekaru a bakin gulbi.

Kayan tsirarsu kuwa gora ne. Masunci yakan kwanta a kan babban gora, ya yi iyo da ƙafafu, hannuwansa na riƙe da homa, kifin da ya kama ya jefa a ciki. Ko ya gaji, goran ba ya nutsewa. Ana ganin haka har yau a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Wasannin kabanci da ake yi a bikin, irin su nutso da tseren kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa, gwaji ne na wanda ya iya ruwa.

Ƙarni na 20 ya sauya lissafin. Madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, ta mayar da kogin Neja a kudancin Yawuri tafki mai faɗi, da kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa. Jirgi mai inji ya zo yana ɗaukar mutane fiye da ɗari, yawancinsu 'yan kasuwa da ba su iya iyo ba. A 26 ga Mayu 2021, wani jirgi da aka cika maƙil ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu.

Hukumar NIWA, da aka kafa a 1997, ta wajabta rigar kariya, ta hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare. Sai dai ma'aikatanta ba sa tsaye a kowane mashigi, alhali Sarkin Ruwa yana nan a garinsa. Rigar kariya aikin gora take yi, kuma za ta fi shiga jikin fasinja a Jega ko Wara ranar da Sarkin Ruwa ya ce babu fito sai da ita.