Dutsen Farar Ƙasa, Tushen Siminti

Dutsen farar ƙasa, wanda masana sinadarai ke rubutawa CaCO₃, galibinsa ragowar ɓawon halittun teku ne da ya taru ya daskare cikin miliyoyin shekaru. Samunsa a Sakkwato shaida ce cewa teku ta taɓa mamaye yankin.

Idan aka gasa shi a zafin da ya kai digiri 900 na ma'aunin Selsiyos, sai ya rabu gida biyu: kowane kilo 100 na tsantsarsa yakan bar kilo 56 na ƙonanniyar farar ƙasa, kilo 44 kuma su tashi a matsayin iskar kabon dayoksaid, mai ɗumama duniya. Wajen yin siminti ana cakuɗa shi da yumɓu, a gasa a kimanin digiri 1,450, a niƙa. Don haka ko an sauya makamashin tanderun, wannan kaso na iskar ba ya raguwa, domin daga jikin dutsen yake fita.

Nauyinsa ya sa ake kafa masana'antun siminti kusa da mahaƙarsa, kamar Kalambaina, Ashaka da Obajana a Najeriya, da Malbaza a Nijar. Sai dai a Najeriya tsarin mulkin 1999 gwamnatin tarayya ya mallaka wa ma'adinan ƙarƙashin ƙasa, ba jihohin da ake haƙa a cikinsu ba.