Yadda Za A Yi Feshi A Lambu Da Gona Ba Tare Da An Kashe Ƙudan Zuma Ba

A yankin Fakku da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal, kamar Kuchi, Jabo, Sanyinna da Dogondaji, noman rani ya zama sana'ar kowa. Kankana, albasa, tattasai, tumatir da kabewa sun cika fadamu, ga mangwaro a gefe, ga amya rataye a kan itatuwa. Duk inda noman rani ya yi ƙarfi kuma, injin feshi na goyo yana biye da shi. Matsalar ita ce maganin da aka fesa don tsutsa ba ya tambayar sunan ƙwaro kafin ya kashe shi. Mai amya yana asarar zuma, wannan kowa ya sani. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne mai kankana ma yana asara, kuma tasa ta fi girma.

Amfanin da ke jiran ƙudan zuma

Kankana, kabewa, gurji, kokwamba da agushi duk suna fitar da fure iri biyu a jikin yabanya ɗaya: namiji daban, mace daban. Macen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindi. Garin furen namiji yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙwaro ya kwaso shi ya kai wa macen. Furen kankana da safe yake buɗewa, kuma na yini ɗaya ne kawai. A wannan safiyar ana son ƙudan zuma ya sauka a kan fure mace sau takwas ko fiye. Idan bai samu haka ba, ɗan zai zube, ko ya fito a karkace, gefe ɗaya ya cika, ɗayan ya motse. Sau da yawa manomi ya ga haka sai ya ce iri ne ba shi da kyau, ko taki ne ya yi kaɗan, alhali barbara ce ba ta cika ba.

Mai ajiye albasa don iri, irin yadda ake yi daga nan har Aliero, shi ma haka. Kan albasa ba ya buƙatar ƙwaro, amma furen da zai ba da iri sai da ƙudan zuma da ƙudaje. Mangwaro da kaɗanya su ma ƙwari ne ke yi musu barbara. Riɗi da auduga suna iya yi wa kansu, duk da haka wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa da aka hana ƙwari isa ga fure, amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi kuma da kashi 59.

Gero, dawa, masara da shinkafa ba ruwansu da ƙudan zuma wajen barbara. Amma shi yana da ruwa da su, don yana kwasar garin furen masara da gero ya kai wa 'ya'yansa abinci. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Najeriya a 2016, feshin masara ya ƙaru sosai, kuma wanda aka yi lokacin da masara ta fitar da bunu yana komawa cikin amya.

Darasi daga masu lambun inabi

Inabi shi ma yana yi wa kansa barbara, bai dogara da ƙudan zuma ba. To amma a Faransa da Italiya da Jamus, ana matsa wa manoman inabi lamba kan wannan magana. Dalili kuwa, ana yi wa inabi feshi sau da yawa a shekara, ciyayin da ke tsakanin layuka suna fure, maganin ya zuba a kansu, ƙudan zuma ya zo ya kwasa. Yawancin inabin nasu giya ake yi da shi, wannan ba namu ba ne. Dabarar kula da lambun ita ce abin ɗauka, kuma ta shafi masu inabin ci na Kudan a Jihar Kaduna, ta shafi mai mangwaro da mai gwaiba a nan.

A watan Nuwamba na 2021 Faransa ta fitar da doka: amfanin da ƙudan zuma ke zuwa wa, idan yana cikin fure, ba a yi masa feshi sai cikin awa biyu kafin faɗuwar rana da awa uku bayanta. A lambun itatuwa kuma sai an sare ciyawa mai fure da ke ƙasa kafin a fesa maganin ƙwari. Tun 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da imidacloprid, thiamethoxam da clothianidin a fili, saboda ƙudan zuma.

Akwai masu inabin da suka bar magungunan kamfani gaba ɗaya, suna amfani da takin gargajiya, da farar wuta da ruwan tagulla don cutar funfuna. Akwai kuma wani reshe da ake kira bayodainamik, wanda ya samo asali daga laccocin Rudolf Steiner a 1924. Su har ƙahon saniya suke cikawa da kashin shanu su binne, suna duba tafiyar wata kafin shuka. Gaskiya wannan ɓangaren ba shi da hujjar da za ta sa manomin Fakku ya ɓata lokacinsa. Abin da ke aiki a lambunansu abu ne da kakanninmu suka sani: taki, barin itatuwa da shinge, da rage feshi.

Wani abu kuma da ya kamata a sani: ba duk maganin da aka samo daga tsiro ko ƙasa ne ke ƙyale ƙudan zuma ba. Spinosad da pyrethrum an yarda da su a noman da ba na sinadari ba, amma suna kashe shi idan suka same shi da danshinsu. Ruwan taba da wasu ke jiƙawa a gida shi ma guba ne gare shi.

Lokaci ya fi sunan magani muhimmanci

A ƙasarmu an saba feshi da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Ga mai feshin da sauƙi, amma daidai lokacin ne furen kankana, kabewa da wake ke buɗe, kuma lokacin ne ƙudan zuma ya fi fita. Furen wake ma kafin azahar ya rufe. Saboda haka idan amfani yana fure kuma feshin ya zama dole, a bari sai la'asar sakaliya zuwa magariba. Furen ranar ya rufe, ƙudan zuma ya koma gida, maganin zai kwana ya bushe kafin safiya. Ga wata riba: malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar wake, da na tsutsar masara, da na sharon mai cin tumatir, duk da dare suke yawo. Ka ga feshin yamma bai rage wa manomi komai ba.

Wannan dabara tana aiki da magungunan da ke kashewa ta taɓawa, irin su lambda-cyhalothrin da ake sayarwa da sunan Karate da wasu sunaye, da cypermethrin. Ba wai sun zama marasa illa ba ne, an dai rage ta. Amma imidacloprid da 'yan uwansa labarinsu daban. Su cikin jikin shuka suke shiga, su bi ruwanta har cikin fure, su daɗe. Ko da tsakar dare ka fesa, gobe da jibi suna nan. Irin waɗannan, da dimethoate, kada a kusance su daga lokacin da amfani ya fara ƙunshin fure har furen ya kaɗe. A duba jikin kwalba, sunan sinadarin yana rubuce da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kasuwa. Wanda bai iya karantawa ba ya nuna wa malamin gona ko sakataren ƙungiya. Wanda ba shi da lambar NAFDAC, ko aka ɗura a gorar ruwa ba takarda, a bar wa mai shi kayansa.

Sai iska. A hunturu feshi yana tashi ya sauka a gonar maƙwabci ko kan gawon da ke fure a bakin gona. Ranar da iska ke kaɗa ganye da ƙarfi ba ranar feshi ba ce. Haɗa magani biyu ko uku a tanki ɗaya don "ya yi ƙarfi" shi ma a daina, wasu magungunan funfuna idan suka haɗu da na ƙwari gubarsu ga ƙudan zuma ninkawa take yi.

Sannan ruwa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ƙudan zuma yana jigilar ruwa don sanyaya amya, kuma a kwatar ban-ruwa da bakin rijiyar burtsatse yake sha. Wanda ya wanke tankin feshi a nan ya zuba wa amya guba kai tsaye. A haƙa ɗan rami nesa da ruwa, a zuba ɗaurayar, a rufe da ƙasa.

Abin da zai rage yawan feshin

Kafin a ɗauki injin, a zaga gona a duba. Feshi duk mako ko an ga ƙwari ko ba a gani ba ɓarnar kuɗi ce. 'Ya'yan dogonyaro suna maganin ƙananan tsutsotsi da ɗarɓa idan an kama su da wuri: a ɓare, a daka rabin kilo na ƙwayar, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu. Shi ma da yamma ake fesa shi, don rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci yake yi, sai an yi haƙuri an maimaita. Maganin Bt, inda aka samu, tsutsa kawai yake kashewa. Ga masu wake, akwai irin SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019, mai jure tsutsar kwanso, wanda ke sauko da feshi daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu. Iri ne da aka sauya wa ƙwayar halitta, don haka mai neman takardar shaidar noma marar sinadari ba zai iya shuka shi ba.

Tsakanin mai gona da mai amya

Ƙudan zuma yana kiwo har kilomita 2 zuwa 3 daga amyarsa, wato feshin mutum ɗaya ya shafi amyar gari guda. Nan ne aikin ƙungiya yake. A rubuta sunayen masu amya da inda suka rataya su. Mai shirin babban feshi ya sanar da kwana biyu kafin ranar, ta waya ko a masallaci bayan sallar isha'i. Masu kankana da ke fadama ɗaya su haɗa feshinsu a yamma ɗaya, maimakon yau wannan gobe wancan, har mako ya ƙare ba ranar da fure yake da tsabta.

Mai amya kuma kada ya toshe ƙofarta da rana don kariya, a zafin Sakkwato saƙar narkewa za ta yi su mutu gaba ɗaya. Idan ɗagawa za a yi, da dare ake yi, kuma a kai ta fiye da kilomita 3, in ba haka ba za su dawo tsohon wurin. Ya ajiye musu ruwa a kasko da tsakuwa ko karare a ciki don su samu wurin tsayawa. Alamar guba ba ta ɓuya: tarin matattu a ƙarƙashin amya cikin yini ɗaya, harsunansu a waje, wasu suna rarrafe suna karkarwa sun kasa tashi. Idan an ga haka a rubuta ranar, a bincika abin da aka fesa a kewaye, a kai maganar gaban shugabannin ƙungiya, kuma kada a sha zumar wannan amyar ko a kai ta kasuwa.