Daga Azara Zuwa Kwano: Tarihin Rufin Ɗaki a Daura

Baƙon da ya je Daura ganin rijiyar Kusugu, hankalinsa kan tafi ne ga labarin Bayajidda da macijin da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Da zai ɗaga kai ya dubi gidajen da ke kewaye, da ya ga wani tarihin da ba a cika ba da shi ba. Kwano ya mamaye gari, wani ya yi ja don tsatsa, wani sabo fil mai launi. Sai nan da can ido zai faɗa kan tsohon soro da zankwayensa.

A da, rufi iri biyu ne a ƙasar Daura. Talaka da mutumin ƙauye jinka suke yi: a haɗa tsaiko, a yanta shuci, a baibaye. Tana da sanyi, ba ta cin kuɗi, amma abokiyar gobara ce, musamman da hunturu. Mai hali kuwa soro yake ginawa, kuma a nan ne ake sanin magini.

Ƙashin bayan soro azara ce, wadda ake tsagowa daga giginya. Magina sun fi son tsohon namijin giginya, don itacensa ya fi tauri, gara ba ta cinsa da sauƙi. Sai dai azara tana da iyaka: in tazarar da ke ƙarƙashinta ta wuce kamar ƙafa 6, nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. Wannan iyakar ce ta haifi gwanintar. Magini kan jera azara a kusurwoyin ɗaki don ya rage faɗin da za a rufe, ko ya tayar da bakan gizo daga jikin bango, yana ɗaura azara kan azara yana bi da laka, har ƙafafuwan su haɗu a tsakiya. Da haka ake samun ɗaurin guga da tulluwa a zaurukan sarakuna da attajirai. Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Babban Gwani Mika'ilu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830.

Bayan an shimfiɗa azara da zana an zuba ƙasa, saura hana ruwa shiga. Ana shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuma laso, haɗin katsin marina da gashin dabba daga majema da dafara. Wato marini da majemi duk suna da hannu a rufin maƙwabcinsu. A ƙarshe a dasa indararo ya riƙa watsa ruwa nesa da gindin bango. Kowace shekara kafin damina ta faɗi, maigida zai sa a hau a duba tsaga, a yi yaɓe. Wanda ya yi sakaci, ruwan Agusta zai jiƙa ƙasar ta yi nauyi, wani lokacin ta rufta kan masu barci. Wannan haɗari gaskiya ne, kuma masu kewar soro ba su cika ambatonsa ba.

Kwano baƙo ne daga Ingila. Wani injiniya, Henry Robinson Palmer, ya yi rajistar fasaharsa a Landan a 1829. Kwanon bai samu hanyar shigowa Arewa da yawa ba sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Sarki Abdurrahman ya hau gadon Daura. Taragwan da ke kwasar gyaɗa zuwa Ikko su ne ke dawowa da kayan kanti, har da kwano. Da fari rufin ofisoshin gwamnati ne da kantunan kamfanoni. Kafin Sarkin ya rasu a 1966 kwano ya zama alamar arziki, kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma suka kai shi gidan malamin makaranta da manomi.

Mutane ba su yi wauta ba da suka karɓe shi. Giginya ta yi ƙaranci, yaɓen shekara-shekara ya gundure su, kafinta kuma yakan gama cikin kwana biyu abin da magini ke yi cikin makonni. Amma an biya farashi. Ɗakin kwano marar silin ba ya zaunuwa da rana a watan Afrilu, kuma iskar farkon damina takan yaye rufin gidaje da azuzuwa, sau da yawa saboda siririn katako da ƙarancin ƙusa.

Babbar asarar ita ce ta sani. Mai sayen azara yakan ɗaga ta ya ji nauyi, ya dubi baƙin jikinta, ya kuma san maginin da ubansa. Mai sayen kwano yau bandir ake nuna masa a ɗaure, falle 20, ya zaɓi launi ya biya. Kasuwa kuma ta ƙara faɗi: ga dogon falle na alminiyum, ga rufin ƙarfe mai yayyafin tsakuwa wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Niyu Zilan a shekarun 1950, wanda yanzu ake yayinsa a sababbin unguwanni. Akwai na gaske, akwai jabu da tsakuwarsa ke zuba bayan damina kaɗan. Araha ba ta ado, amma a wannan harka tsada ma ba shaida ba ce.

Don haka mai shirin sauya rufi ya nemi a auna masa kaurin fallen a gabansa, domin tsakanin milimita 0.45 da 0.55 akwai bambanci na shekaru. Ya nemi shaidar hukumar kula da ingancin kaya ta SON, ya je ya ga gidan da aka rufa da irin kayan shekara biyar baya, kada kuma ya rage kuɗin katako da silin don ya sayi launi. Sorayen da suka rage a tsakiyar Daura kuwa, ya kamata masarauta da ƙaramar hukuma su taimaka a gyara su tun tsofaffin magina suna raye, su koya wa matasa ɗaurin azara da haɗin laso.