Salka, Tandu da Makuba: Tsohuwar Fasahar Tsare Ruwa a Kudancin Kano

Lokacin da wani Bature mai suna Clapperton ya ratsa Bebeji a 1826, ya tarar da babban gari mai ganuwa a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Garin fatake ne, kuma a nan aka haifi Alhassan Dantata a 1877, cikin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Ayarin da zai yi watanni a hanya dole ya ɗauki ruwa da mai, a zamanin da babu leda babu jarka. Yadda masu sana'ar wancan lokaci suka hana mazubi yoyo ya cancanci nazari, domin sun kiyaye ƙa'idar da masana'antun yau suka saki, suke kuma neman komawa gare ta: mazubi da abin da aka toshe shi da shi duk su zama masu ruɓewa.

Salka fatar akuya ce da ake feɗewa ɗungurungum, majemi ya jeme ta da 'ya'yan bagaruwa. Sinadarin da ke cikin bagaruwa yana kama naman fata ya hana ta ruɓewa, man da ake shafa mata kuma ya rage yoyo. 'Yar tsattsafowar da ta rage ba aibu ba ce, ita ke sanyaya ruwan idan iska ta buga. Tandu ya fi haka dabara: ana liƙa jiƙaƙƙun ɓarɓashin fata a jikin siffar yumɓu, idan sun bushe a farfasa yumɓun a zazzage, sai a sami mazubin man shanu ko kwalli marar ɗinki. Matan Fulanin da ke kewayen dajin Falgore, a ƙasashen Doguwa da Tudun Wada, da ƙwarya suke kai nono kasuwa, in ta tsage gyartai ya ɗinke ta. Magina kuwa makuba suke jiƙawa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, su shafe katanga da daɓe don kada ruwan sama ya cinye su.

A gwada wannan da kwalin madara da lemo na zamani, wanda kamfanin Tetra Pak da aka kafa a Suwidin a 1951 ya yaɗa a duniya. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kwalin takarda ne, sauran kuwa siraran shimfiɗun leda ne da na alminiyam da aka manne su wuri guda. Takardar tana sake sarrafuwa, amma raba ta da leda sai da injuna na musamman, shi ya sa yawancin kwalayen ke ƙarewa a juji tare da ledojin fiya wata da suka mamaye garuruwanmu tun shekarun 1990. Saboda haka masana suke gwada shafe takarda da sitaci, da kakin zuma, da sinadaran ɓawon itatuwa.

Wani zai ce salka tana canza ɗanɗanon ruwa, ƙwarya ba ta hana nono lalacewa, kuma babu majemin da zai wadatar da miliyoyin mutanen Kano. Duk gaskiya ne. Kwalin zamani yana ajiye madara watanni ba tare da firji ba, abin da tandu bai taɓa yi ba, kuma leda ta yi nasara ne saboda araha da tsabta. Sai dai wannan suka ta faɗa kan siffar mazuban ne, ba ta taɓa kayan haɗinsu ba. Babu mai cewa a sayar da madara a salka. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne bagaruwa da makuba sun jure gwajin ruwa da rana na ɗaruruwan shekaru a wannan yanayi namu, kuma itatuwansu suna tsiro a gonakin Kiru da Bebeji ba tare da an sayo su da dala ba.

Aikin da ya rage na masu bincike ne, irin na Jami'ar Bayero da cibiyar nazarin fata da ke Samarun Zariya: su auna waɗannan sinadarai, su ga ko za su zauna a jikin takarda ba tare da cutar da mai sha ba. Lokaci kuma ba ya jira, domin ana sare ɗorawa don itace da gawayi, tsofaffin da suka san gwargwadon haɗin suna ƙarewa.